Lozan a Tsakiyar Hunturu: Abin da Alƙalan Gasar Balet Ke Dubawa

Daga filin jirgin saman Jeneba zuwa Lozan, a ƙasar Suwizalan, tafiya ce ta ƙasa da awa guda a jirgin ƙasa. Tashar tana manne da filin jirgin, don haka ba ka haɗuwa da sanyin waje sai ka sauka. In ka samu kujera ta hannun dama, tafkin Leman zai riƙa ɓullowa yana ɓacewa tsakanin gidaje da gonakin inabi, waɗanda a ƙarshen Janairu ko ganye ɗaya babu a jikinsu. Lozan kanta a kan tuddai aka gina ta, daga bakin tafki a unguwar Ouchy har can sama inda tsohuwar majami'a take, kuma duk inda za ka, ko dai hawa kake ko gangara. Otal-otal suna ba baƙonsu katin shiga bas da jirgin cikin gari kyauta muddin a wurinsu yake kwana. Faransanci ake yi a garin. Akasari an san shi ne da hedikwatar kwamitin wasannin Olamfik da ke nan tun 1915, amma ni abin da ya kai ni shi ne gasar matasa 'yan rawar balet da ake kira Prix de Lausanne, wadda ake yi duk shekara, yawanci a gidan wasa na Beaulieu, arewa da tashar jirgin ƙasa.

An fara gasar a 1973. Philippe Braunschweig, ɗan kasuwa mai masana'antar kayan agogo, da matarsa Elvire, wadda ita ma 'yar rawa ce, su suka kafa ta, da taimakon Rosella Hightower mai makarantar rawa a birnin Cannes na Faransa. Tun farko manufarsu ta sha bamban da ta gasar Varna a Bulgeriya, da aka fara a 1964, ko ta Mosko da aka fara a 1969, inda gwanaye ke karawa don neman lambar yabo. A nan yara ne 'yan shekara 15 zuwa 18 da ba su fara aiki ba tukuna. Abin da ake ci kuwa gurbin karatu ne na shekara guda a wata babbar makarantar rawa, ko zaman koyon aiki a kamfanin rawa, haɗe da kuɗin ci da kwana. Wanda bai riƙe wannan ba, zai iya fita daga zauren ranar ƙarshe yana cewa an yi maguɗi. Alƙalan ba gwanin yau suke nema ba. Tambayar da ke gabansu ita ce: in aka ɗauki wannan yaro aka damƙa wa malamai na gari, me zai zama nan da shekara biyar? Aikinsu ya fi kama da na mai sayen dukushi a kasuwa, wanda ba ruwansa da adon sirdi, ƙafa yake dubawa da tafiya da yadda dabbar ke amsa linzami.

Kafin yaro ya taka Lozan sai ya tsallake tankaɗe na farko. A watannin kaka ake aika bidiyo, ba ado ba kwalliya, a ɗakin atisaye: aikin sandar dafawa, aikin tsakar fili, sai ɗan guntun rawar zamani. A 'yan shekarun nan masu nema sun haura 400, waɗanda ake gayyata kuwa kimanin 80 ne. Ana kuma cike takardun lafiya, likita ya duba tsayi da nauyi da yadda yaron ke girma, domin matsalar ƙin cin abinci don neman siranta ta daɗe tana addabar wannan sana'a. Waɗanda suka iso ana raba su rukuni huɗu: 'yan mata ƙanana, samari ƙanana, 'yan mata manya, samari manya. Kowa da lambarsa a ƙirji da baya. Da lambar ake kiransa duk makon, da ita kuma alƙalai ke rubutu.

Alƙalan tara ne, yawancinsu shugabannin makarantu da kamfanonin rawa, ko tsofaffin taurari, wasunsu ma a nan aka fara ganinsu suna yara. Maki daga 1 zuwa 9 suke bayarwa, a kan abubuwa huɗu masu nauyi ɗaya: ajin balet na asali, ajin rawar zamani, rawar tilo ta asali, da rawar tilo ta zamani. Kowanne kashi 25 cikin ɗari. Ma'ana, rabin makin yaro ya riga ya shiga takarda tun bai sa kayan wasa ba, tun fitilu ba su haska shi ba. Shi ya sa duk mai son fahimtar hukuncin, tikitin tsakiyar mako ya fi masa amfani a kan na ranar ƙarshe, ga shi kuma ya fi araha.

Ajin safe shi ne inda na fi zama. Alƙalai na jere a bayan dogon teburi, mai fiyano a gefe, yara a jikin sanda. Jerin aikin ɗaya ne da na kowane ɗakin balet a duniya: a fara da filiye, wato lanƙwasa gwiwa, a wuce zuwa tandu, wato zura ƙafa a ƙasa har yatsu su miƙe, sai zagaya ƙafa, sai ɗaga ta a hankali, a rufe da wurga ta sama. Ga baƙo abin ba shi da wani daɗin kallo. Ga alƙali kuwa, minti goma na farko sun ishe shi sanin irin tarbiyyar da jikin ya samu.

Abu na farko da ido ke sauka a kai shi ne buɗin ƙafa. A balet ana juya ƙafafu waje, har in an tsaya tsayuwa ta farko dugadugai su haɗu, yatsu su kalli gefe da gefe. Cikakken buɗi digiri 180 ne, amma da wuya a samu ƙugun da ke ba da digiri 90 ta kowane ɓangare. Ƙa'ida ita ce juyin ya taso daga mahaɗar cinya da ƙugu, gwiwa ta bi, ƙafa ta bi. Yaron da ke son burge ido sai ya fara daga ƙasa: ya lanƙwasa gwiwa, ya murɗa tafin ƙafa ya kafe shi a ƙasa, sannan ya miƙe. Daga nesa ka ce ya fi kowa buɗi. Da an ce filiye asirinsa ke tonuwa, domin gwiwar takan faɗo ciki maimakon ta bi saitin yatsan tsakiya, tafin ƙafar ya kife kan babban yatsa, ƙugu ya turo baya, gadon baya ya lotsa. Alƙali ba don muni kaɗai yake rage maki a nan ba. Ya san gwiwar da ake murɗawa haka kullum ba za ta kai shekara goma tana aiki ba. Na ga yarinyar da buɗinta bai kai na maƙwabciyarta ba, amma abin da take da shi tana riƙe da shi a tsaye, a tsalle, a juyi. Irin wannan ake so.

Na biyu, ƙafar kanta. A tandu ana so diddige ya jagoranci fita, tafin ƙafa ya shafi ƙasa har sai ba yadda za a yi sannan ya ɗaga, yatsu su miƙe ba tare da sun dunƙule ba. Laifin da aka fi kamawa shi ne ƙafa ta karkace ciki daga idon sawu. Ban da ɓata layin ƙafa, wannan karkata ita ce hanyar targaɗe idan aka dira a kanta.

Da aka bar sanda aka fito tsakar fili, sai wani abu dabam ya shigo. Malamin da ke ba da ajin baƙo ne ga kusan kowa. Yakan nuna haɗin motsi sau ɗaya ko biyu, da Faransanci da Turanci da hannu, ya koma gefe. A ɗakin akwai yaro daga Japan, da na Koriya ta Kudu, da na Brazil, da na Ostareliya, da yawansu ba sa jin ko ɗaya daga harsunan biyu sosai. Wa ya kama haɗin nan take? Wa ke satar kallon na gabansa? Wa ya ɓata ya tsaya, wa kuma ya ɓata ya ci gaba da kiɗa har ya dawo hanya? Duk ana gani. Shugaban kamfani ya san cewa wata rana tauraro zai ji ciwo da rana, a ce wa wani ya koyi rawarsa kafin dare.

Juyi a ƙafa ɗaya, firuwet, shi ne abin da 'yan kallo ke ƙirgawa, kuma a nan ne idonsu da na alƙalai suka fi rabuwa. Yadda ake yinsa: a tsaya tsayuwa ta huɗu ko ta biyar, wato ƙafa ɗaya a gaban ɗaya, da tazara ko a manne, a yi filiye da nauyin jiki a kan ƙafar da za ta ɗauka, a tura ƙasa, a hau, ɗaya ƙafar ta ɗago yatsunta su tsaya a gwiwa, hannaye su rufo gaban ciki. Kai shi ke ƙarshen barin gaba, shi ke farkon dawowa, ido na kafe a wuri ɗaya, don kada jiri ya ɗebi mutum. Wuraren lalacewa sanannu ne. In kafaɗa ta riga ƙugu tafiya, jiki ya murɗe. In haƙarƙari ya buɗe, nauyi ya koma baya. In aka yi ɗoki aka wurga hannu da ƙarfi, za a samu juyi da yawa amma ba birki. Wani saurayi ya yi shida, diddigensa na sauka yana ɗan tsalle-tsalle a na biyar, ya ƙare da taka ƙafa gefe don kada ya faɗi. Wasu 'yan kallo suka yi ajiyar zuciya ta sha'awa. Na bayansa ya yi uku, ya tsaya cak a sama na ɗan lokaci, sannan ya sauko daidai inda jimlar kiɗan ta ƙare. Wata dattijuwa da ke kusa da ni, wadda ta ce ta yi shekaru tana koyarwa, ta sunkuyo ta ce, "Malam, na farkon juyin ne ya ga dama ya sake shi. Na biyun shi ya sallami juyin." Ban ga takardar alƙalai ba, ba kuma a nuna wa kowa a zauren, amma na biyun na sake gani ranar Asabar.

A tsalle ma haka. Tsayin tashi yana da daraja, musamman ga samari, amma dira ake saurare. Yatsu su fara taɓa ƙasa, sai tudun tafin ƙafa, sai diddige, sai gwiwa ta lanƙwashe ta shanye nauyin. Dirar da ta yi ƙara ta nuna an tsallake ɗaya daga cikin waɗannan. Diddigen da ba ya sauka ƙasa tsakanin tsalle da tsalle kuwa, jijiyar bayan ƙafa da ƙwauri ne za su biya. Gwajin da ba ya ƙarya ga samari shi ne juyi biyu a sama: a tashi daga tsayuwa ta biyar, a kewaya sau biyu jiki a miƙe, a dira a ta biyar ana fuskantar inda aka fara. Da yawa sukan saci rubu'in juyi tun suna ƙasa, ko su dira saura kaɗan su ja ƙafa su cike. Daga kujerar alƙali, wadda ke daidai gaba, ba abin da ya kai wannan fitowa fili.

Duk wannan ƙa'ida ce, kuma ana iya koyar da ita. Amma in ka karanta jerin abubuwan da gasar ta ce alƙalanta su duba, za ka tarar ƙwarewar jiki ɗaya ce kawai daga ciki. Sauran su ne fasaha, dacewar jiki da sana'ar, ƙarfin hali da zama kai ɗin kanka, yadda ake amsa kiɗa da tunani da ji, da iya bambanta nauyin motsi, mai kaifi da mai laushi, mai sauri da mai jan rai. Wasu gasanni, irin su Youth America Grand Prix da aka kafa a Amurka a 1999, sukan raba takardar maki gida biyu, ƙa'ida dabam armashi dabam. A ganina rabon na takarda ne kawai. A jikin ɗan rawa ba ka iya nuna inda ɗaya ya tsaya ɗayan ya fara.

Ga misali. Armashi ba murmushi ba ne, ko da yake yara da yawa haka aka koya musu, sai ka ga an liƙa fara'a a fuska daga farkon rawa har ƙarshe, ko da kiɗan na makoki ne. Abin da alƙalai ke kira fasaha yana zaune ne a wurare ƙanana. Akwai karkata kafaɗa da kai, wadda ke sa tsayuwa ɗaya ta zama ta girman kai ko ta kunya. Akwai hannu, wanda ya kamata motsinsa ya taso daga baya, gwiwar hannu a tallafe, ido na binsa. Akwai 'yan takun da ke tsakanin manyan motsi, gudu zuwa kusurwa, shirin tsalle, tafiya zuwa inda za a fara. Yaron da ba a gama gyarawa ba yakan bar rawa a waɗannan wurare, fuskarsa ta koma ta mai lissafi, sai ya iso babban motsin ya dawo. Sannan akwai kiɗa. Zama daidai kan bugu shi ne mafi ƙaranci. Gwani yakan ɗan jinkirta a nan, ya rama a can, ya iso ƙarshen jimla tare da mai fiyano. Amma fa ba mai iya jinkirta saukowa daga tsinin yatsu sai wanda ƙafarsa ke da ƙarfin riƙe shi. Ka ga armashin ya koma ƙa'ida ke nan.

Ajin rawar zamani shi ke ruɗa lissafi. An cire takalmin tsini da 'yan mata ke tsayawa da shi a kan yatsu, ƙafafu sun koma saitin gaba, ana faɗuwa ƙasa ana mirginawa ana tashi, ƙashin baya na lanƙwashewa. Duk abin da balet ya hana, sakin nauyi, karkacewa daga tsakiya, nan shi ake nema. Wasu da suka haska da safe sai ka gansu a sandare, suna sauka ƙasa da gwiwa da ƙarfi domin ba su san yadda ake miƙa nauyi ga hannu da cinya ba. Wani lokaci malamin kan ba da 'yan daƙiƙu ya ce kowa ya motsa yadda ya ga dama, nan kuma ake gane wanda ke da abin faɗa da wanda sai an faɗa masa. Dalilin ba wa rawar zamani, aji da tilo, rabin maki a bayyane yake: babu babban kamfani a Turai yau da ke rayuwa a kan tsofaffin raye-raye kaɗai. Lozan ma garin mai tsara rawa Maurice Béjart ne, wanda ya kafa kamfaninsa a nan a 1987. Rawar tilo ta zamani kuwa daga jerin da gasar ta fitar ake zaɓa, kuma a shekaru dabam-dabam an ga ayyukan John Neumeier da Wayne McGregor da Goyo Montero a ciki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zaman gyara. Kowane yaro na samun 'yan mintoci shi kaɗai tare da wani tsohon tauraro, ya yi rawar tilonsa, a tsayar da shi, a gyara. Malamansa na gida ba su da ta cewa a nan. Rawar ta asali ma daga jeri ake zaɓa, guntaye ne na minti ɗaya zuwa biyu daga manyan ayyuka irin su Giselle, Coppélia, Paquita, La Bayadère da Don Quixote, an kuma ware waɗanda suka dace da ƙanana da na manya. Zaɓen kansa gwaji ne na hankalin malami. Yarinya mai sanyin jiki in aka ɗora mata rawar Kitri ta cikin Don Quixote mai zafi da rawar kai, an cuce ta tun daga gida.

Wata yarinya ta kawo tilon Giselle na babi na farko. Wannan aiki tun 1841 ake yinsa, labarin 'yar ƙauye ce mai ciwon zuciya wadda ke son rawa, uwarta na hana ta. A cikin tilon akwai wurin da ake ratsa dandamali ta kusurwa ana ɗan tsalle a kan tsinin ƙafa ɗaya, ɗayar na lilo a gaba. Wuri ne mai wuya: idon sawu sai ya ɗan lanƙwashe ya kulle, gwiwa ta yi laushi, nauyi ya zauna daidai kan yatsu. Yarinyar ta ratsa shi ba tangarɗa, amma haɓarta a ƙasa, idonta a kan ƙafarta, ta kuma ɗaga ƙafa a arabes, wato miƙa ta baya, har ta wuce kafaɗa. Mai gyaran ba ta taɓa maganar tsallen ba. Tambayarta ta yi: wa kike yi wa wannan rawa, ina yake tsaye, ina mahaifiyarki? Ta sa ta sauke ƙafar zuwa saitin ƙugu, domin 'yar ƙauyen wancan zamani ba ta wurga ƙafa sama, kuma ƙafar da ta wuce iyaka tana karkatar da ƙugu. Ta sa ta duba wanda take so kafin ta fara ratsawa. A zagaye na biyu tsallen bai kai na farko tsabta ba, ta ɗan yi tangaɗi sau ɗaya, amma kowa a zauren ya san abin da ke faruwa a labarin. Abin da za a duba ranar Juma'a shi ne ko gyaran ya zauna, ko kuwa tsoro zai mayar da ita ga abin da ta shekara tana maimaitawa.

A farfajiya, tsakanin aji da aji, 'yan mata na zaune a ƙasa da allura da zare. Takalmin tsini ba katako ba ne a ciki, kamar yadda mutane ke zato. Yadi ne da takarda da gam aka jera aka daskarar a wurin yatsu, da tafi mai tauri a ƙarƙashi, aka lulluɓe da satin. Babu na dama babu na hagu, mai shi ke ɗinka igiyoyi da roba da hannunta, wasu su ɗinke bakin tsinin don rage santsi. Zufa da zafi ke kashe shi, wani lokaci cikin 'yan awoyi na aiki. Sabo fil yana ƙwanƙwasa ƙasa, ba ya bin tafin ƙafa. Wanda ya mutu kuma ba ya tallafe, ƙafa ta zarce gaba. Don haka kowace na lallaɓa ƙafa biyu ko uku a matakai dabam-dabam, tana ajiye wanda ya yi daidai don ranar hukunci. A gefen dandamali akwai akwatin garin ƙaro da ake takawa don kama ƙasa. In ya yi yawa kuma, takalmin ya ƙi juyawa, gwiwa ta juya ita kaɗai. Tsofaffin 'yan gasa har yau suna labarin gangarar tsohon dandamalin Beaulieu. Gidajen wasan Turai da dama haka aka gina su, bayan dandamali ya fi gabansa tudu, na Garnier a Paris ma santimita 5 ne a kowace mita, kuma yaron da ya girma a shimfiɗaɗɗen ɗaki sai ya sake neman tsakiyarsa cikin kwana biyu.

Ranar Juma'a kowa ke yin rawarsa biyu a dandamali da kayan wasa, da kiɗan da aka naɗa, wanda ba ya jiran kowa. Da yamma a kira lambobi kimanin 20. Faɗuwa ba ta kashe mutum a nan. Santsi na iya kayar da kowa, kuma mutanen da ke bayan teburin duk sun taɓa faɗi a gaban jama'a. Abin da suke kallo shi ne daƙiƙa biyar da ke biye: ya tashi ya kama kiɗan inda yake, ko kuwa fuskar ta mutu har ƙarshe.

Ba zan ce tsarin ba shi da abin suka ba. Maganar dacewar jiki magana ce mai nauyi, domin tsawon ƙafa da gajartar gangar jiki da tudun bayan ƙafa ba aikin yaro ba ne, halitta ce, kuma abin da ido ya saba gani a matsayin kyau ya daɗe yana bin siffar mutanen wuri ɗaya. An samu sauyi, ko da yake a hankali. Carlos Acosta, baƙar fata daga Kyuba, ya ci lambar zinariya da ake bayarwa a wancan lokaci a nan a 1990 yana ɗan shekara 16, Precious Adams daga Amurka ta samu kyauta a 2014. Sai dai 'yan Afirka ba su cika bayyana a jerin ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: kafin yaro ya kai wannan mataki yana bukatar shekara bakwai ko takwas na horo kusan kullum, a kan daɓe mai laushi da ba ya cin gwiwa, da takalman da ke mutuwa kowane mako, da kuɗin jirgi da biza. Anthony Madu, yaron Legas da bidiyonsa yana rawa cikin ruwan sama ya zaga duniya a 2020, sai da ya tafi makarantar Elmhurst a Birmingham ta Ingila kafin ya samu irin wannan horo. Sannan alƙalai tara daga makarantu dabam-dabam ba bakinsu ɗaya ba. Wanda ya tashi a tsarin Faransa yana son tsabtar ƙafa da kamewa, na tsarin Rasha yana son faɗin baya da girman motsi, na Denmak yana son sauƙin tsalle. Tara makin mutum tara yana rage son rai, amma yakan kuma fifita yaron da bai ɓata wa kowa ba a kan wanda ya raba kan teburin.

Ranar Asabar zaure ke cika. Ashirin ɗin su sake yin rawarsu biyu, a yi hutu alƙalai su shiga ciki, sannan a kira waɗanda suka samu guraben, yawanci tsakanin bakwai da goma sha ɗaya gwargwadon masu ɗaukar nauyi na shekarar. Akwai kyautar rawar zamani, akwai kuma ta 'yan kallo, wadda sau da yawa ba ta faɗa wa wanda alƙalai suka sa a gaba. Wanda ya ci shi ke zaɓen inda zai je daga cikin makarantu da kamfanonin da ke ƙawance da gasar, irin su makarantar Royal Ballet a Landan. Ta ƙofar wannan gasa taurari suka fito: Alessandra Ferri ta bi a 1980, Miyako Yoshida a 1983, Darcey Bussell a 1986, Tetsuya Kumakawa a 1989, shekarar da aka kai gasar Tokiyo.

Waɗanda ba a kira lambarsu ba kuwa ba a sallame su hannu rabbana. Ana ba su damar zama da alƙalai su ji inda suka gaza, baki da baki. Sannan a shirya musu wani aji na musamman, ba maki ba tafi, inda shugabannin makarantu da kamfanoni ke zama da takardunsu suna rubuta lambobi. Wanda aka so sai a kira shi ganawa, wani ya tashi da tayi biyu ko uku, daga Jamus, daga Kanada, daga Holan. A yawancin shekaru, waɗanda ke samun gurbi ta wannan hanya sun fi waɗanda aka kira a dandamali yawa.